Ƙarfe Tara a Apapa

Daren jiya Barira ce shugabar kamfani.
Ta ɗora tabaran Baba a karan hanci,
ta harɗe kan buhun garin rogo,
ta ce, "Malam Sagiru, gaya mana ko kai wane ne."
Na buɗe baki ke nan janareton maƙwabta ya tashi,
ya haɗiye amsata ɗungurungum.
"Ba mu ji ba. Sake."
Sau goma sha ɗaya ina sakewa.
A na sha biyu ta yi hamma, ta ce an ɗauke ni,
ladanta kuwa wanke-wanken mako guda.

Da gawayi na goge rigar,
wuta ta yi balaguro tun Talata.
Takalmin na Ɗanjuma ne, ƙafarsa ta fi tawa,
na cusa masa tsohuwar jarida a baki.
Takardu cikin leda, ledar cikin wata ledar:
ɗan Agege ba ya yarda da hasken sama.

Da asuba Inna ta tofa min addu'a a tafin hannu,
ta naɗe min ƙosai uku.
Kwandasta na lilo a ƙofar danfo
yana kiran Oshodi kamar sunan ɗansa da ya ɓata.
Gaba da Mayil Tu tankoki suka kwanta a titi,
ba su da niyyar tashi yau ko gobe.
Na sauka. Na taka.
Ruwa ya cim mini kafin gada,
na rungume ledar a ƙirji
kamar jinjiri.

Mu ashirin da uku, kujera ɗaya ake nema wa mai zama.
Na gefena yana ta bitar Turanci a ƙasan maƙoshi.
Na miƙa masa ƙosai ɗaya. Ya karɓa.

Su uku ne bayan tebur.
Ta tsakiya, Madam Oyelaran, ba ta ɗago ba.
Duk abin da na haddace ya fita sumul
har ta sa biro kan wani layi:
"Shekara huɗu tsakanin digirinka da yau.
Ina ka shiga?"

Nan ne ramin da muka shimfiɗa wa tabarma ni da Barira,
muka raɗa masa suna harkar kasuwancin iyali.
Harshena ya ƙi ɗauka.
Na ce, "Kasuwar Mayil Tuwel, ranki ya daɗe.
Buhun albasa nake ƙirga wa kawuna.
Tirela na tsayawa, hancina ya san wanda ya fara ruɓa.
Littafina bai taɓa saɓa wa rumfa ba."

Sai yanzu ta ɗago.
"Katan ɗari huɗu na kifi a takarda,
ɗari uku da tamanin da takwas a ɗakin sanyi.
Wa za ka kama?"
"Ba kowa tukuna.
In sake ƙirgawa da hannuna,
in duba wanda ya sa hannu a ƙofa, da ƙarfe nawa.
Sau tari ɓarawon biro ne.
In ba shi ba ne, takarda za ta nuna min ƙeyar mai shi."

Na hagunta ya raɗa mata da Yarabanci
cewa takalmin yaron nan ya sha ruwa.
Da Yarabancin na ce, ba ma nawa ba ne.
Dariya ta ƙwace wa Madam,
har ta cire tabarau tana share ido.

Ran Alhamis wayar ta same ni bisa tirela,
hannu duk ɓawon albasa.
Litinin, ƙarfe takwas, in zo da hoto biyu.
Na ce na gode sau nawa, ban ƙirga ba,
ni da ƙirga ce sana'ata.

Da yamma na mayar wa Ɗanjuma takalminsa.
Na zaro jaridar, ta bushe ta ƙanƙance,
shafin neman ma'aikata ne ashe.
A gida Barira na tsaye bakin famfo,
ta tara min tukwane har da na maƙwabta.